Spitfire da Bf 109 a 1940: inda masana suka ce a duba

Masu nazarin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sun tattauna kan wanda ya fi tsakanin Spitfire na Birtaniya da Messerschmitt Bf 109E na Jamus. Bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a tsaya kan gudu, domin kowannensu ya haura kilomita 550 a awa.

Inda suka fi daɗewa shi ne injin. Merlin na Spitfire da kafireta yake aiki. Idan matuƙi ya dunƙufar da hancin jirgin farat ɗaya, sai man ya tashi sama a cikin kafiretar, injin ya rasa mai, daga baya kuma mai ya yi masa yawa ya shaƙe. DB 601, injin Bf 109, famfo ne ke fesa masa mai kai tsaye, don haka Bajamushe kan tsere ta hanyar yin ƙasa. Dabarar matuƙan Birtaniya ita ce su fara kifa jirgin, sannan su bi Bajamushen. A 1941 injiniya Beatrice Shilling ta saka ɗan zoben tagulla mai taƙaita kwararar mai, abin ya yi sauƙi. Aikinta ya cancanci yabo fiye da wanda ake yi masa.

Bindigogi takwas na Spitfire harsashinsu na daƙiƙa 15 ne kacal, an kuma matso da mahaɗar wutarsu, wato inda harsasansu ke haɗuwa a gaban jirgin, daga yadi 400 zuwa 250.

Bf 109 kuwa ƙarancin mai ya takura shi a saman Landan, tayoyinsa kuma matsattsu ne, yakan karkace wajen tashi da sauka.