Abin Da Muka Tsayar Kan Ginin Al'umma Na Gefen Filin Shaƙatawa

Jama'a, maganar da muke yi kan yadda za a tsara ginin ta yi tsawo, don haka na tattaro muhimman abubuwan da aka faɗa.

1. Kowa ya yarda kada a sare manyan itatuwa. Ginin ne zai kauce musu. A nisanta harsashi daga ƙarƙashin rassansu, domin saiwa takan bazu har ta wuce iyakar inuwa, kuma motar gini idan ta yi ta taka wurin, ƙasa ta daddale, itacen sai ya bushe a hankali. Wannan batu ya fi damuna.

2. Ruwan sama: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 200 zai iya tara kusan lita 2,000 a ruwan milimita 10. A tara shi a tanki don ban-ruwa da wanke banɗaki.

3. Tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa, rufi ya zarce bango ya yi inuwa.

4. Gangaren masu keken guragu kada ya wuce tsayin mita 1 a kowace mita 12.

An rabu kan rufi. Wasu na son allunan sola, wasu na son a shuka tsirrai a kai, amma an tunatar cewa ƙasa jiƙaƙƙiya nauyi gare ta, sai an ƙarfafa ginshiƙai. Ni dai sola na fi karkata.

Banɗaki mai ƙofa ta waje ma an ja: zai taimaki masu yawo a filin, sai dai har yanzu ba a ce wa zai riƙa share shi ba.