Tsofaffin diski biyu daga sabar ofis: mdadm ko ZFS?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum. An ba ni diski biyu masu 4TB da aka cire daga tsohuwar sabar mai katin RAID (katin da ke haɗa diski da yawa su yi aiki kamar ɗaya). Ina so in tagwaita su a Debian Linux, wato in yi madubi, kowanne ya riƙe kwafin ɗayan, RAM ɗina 8GB ne. Da wace manhaja zan yi, mdadm ko ZFS? Ɗaya ma ya ƙi shiga wayar SATA.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Wanda ya ƙi shiga SAS ne, irin diskin sabar mai mahaɗi daban, kada ka tilasta shi. Sai da katin HBA, mai haɗa diski kai tsaye da kwamfuta, misali LSI 9211-8i mai firmware na IT. Kafin komai, duba SMART, rahoton lafiyar diski, da `smartctl -a`. A SATA ka kalli lamba 5, 197 da 198, a SAS kuma grown defect list, su ke nuna sassan da suka lalace. Sannan ka share tsofaffin alamomi da `wipefs -a`, don katin RAID yana barin bayanansa a ƙarshen diski.

Mai Windows: Storage Spaces na Windows kawai, minti biyar an gama.

Ɗan Kurna: Debian na ce, Malam.

Baba Sabar: Ku bar zancen manhaja. Wani ofis ya tagwaita diski biyu 'yan kwali ɗaya, shekarunsu ɗaya. Ɗaya ya mutu, aka sa sabo, ana tsakiyar resync, wato kwafewa zuwa sabon, sai na biyun ya ci karo da sashen da ba ya karantuwa. Ba a taɓa yin check ba, babu kwafi a waje. Takardun albashi duk suka tafi. Madubi ba ajiya ba ne, abin da ka goge nan ya gogu can.

Injiniya: Shi ya sa nake cewa ZFS. mdadm zai nuna maka mismatch_cnt, yawan wuraren da kwafin biyu suka saɓa, amma bai san wane kwafi ne daidai ba. ZFS na da checksum, lambar tantance bayanai, scrub (binciken diski duka) zai gyara daga mai lafiya. 8GB ya isa madubi ɗaya, muddin ba ka kunna dedup (cire maimaitattun bayanai) ba. Idan diskin SAS ɗin ya nuna girman sekta 520 maimakon 512, sai `sg_format --format --size=512`, zai ci sa'o'i.

Baba Sabar: Yaro, wanda bai taɓa kwana gaban sabar ba ya dinga sassauta murya.

Hajiyar IT: Baba, gaskiya ya faɗa. Amma ZFS a Debian ta DKMS yake zuwa, wato ana sake gina shi ga kowane sabon kernel (zuciyar Linux), sabunta kernel kan jawo ciwon kai. mdadm da bitmap, mai tuna sassan da ake rubutawa, yana saurin farfaɗowa bayan an ɗauke wuta.

Mai Windows: HBA ɗin ma kuɗinsa ya kai rabin sabon diski.

Ɗan Legas: Ina! A Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, ko kwata bai kai ba.

Hajiyar IT: Mai arhar nan jabu ne da yawa, ga zafi, sai ka ɗaura masa fanka.

Mai Windows: Fanka da wace wutar?

Ɗan Legas: Ni abin da ke ci min rai masu goge SMART ne. Lambar jikin diski ta ce 2016, sa'o'in aiki sifili, wai sabo ne fil.

Baba Sabar: A SATA na Seagate duba `smartctl -l farm`, can sa'o'in gaskiya kan fito.

Ɗan Kurna: To ni dai, mdadm ko ZFS?