Shawarwarin da aka bayar ga mai son zama hatali a ƙabilar Nabaho

Wata tattaunawa da aka yi ta tsaya kan yadda ake zama hatali, wato mawaƙin warkarwa na Nabaho, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka da ke jihohin Arizona da Niyu Meziko. Shawara ta farko: mai nema ya kama ƙafar dattijo guda, galibi ɗan uwa, ya yi masa hidima shekaru, ya kuma biya shi ladan koyarwa. Sai harshen Nabaho ya zauna a bakinsa, domin waƙoƙin da ka ake haddace su, kuma bikin Hanyar Dare, ɗaya daga cikin bukukuwan warkarwarsu, shi kaɗai kwana 9 yake ci, ga zanen rairayi da ake sharewa a ranar da aka yi shi. An ce ya ƙware a biki ɗaya tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne dattawan suna ƙarewa, almajirai kuwa kaɗan ne.