Na ci gaba da barin nama ko na haƙura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau wata 7 rabona da nama da kifi, tun da awo ya nuna jinina ya hau. Jikina ya yi sakayau, ba ƙarya. To ga Babbar Sallah ta ƙarato, Hajiyarmu ta Ƙofar Doka kuwa ba a ce mata "ba na ci". Ku ba ni shawara.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Ƙwai da nono fa?

Maman Ilham: Nono kawai Anti, shi ma jefi-jefi.

Hajiya Binta: Ƙanwata ki saurare ni da kyau, don ni na ga ta kaina. Shekara 3 na yi ba nama, ba ƙwai, ba nono, wata mai tallan maganin rage ƙiba ce ta ɗora ni. Da fari lafiya lau. Sai tafin ƙafata ya fara yi kamar ana tsira min allura, harshena ya yi ja sumul, ko yaji ba na iya lasa. Wata rana a kasuwar Sabon Gari jiri ya kwashe ni a gaban mai tumatir, da zanina ya yi dumu-dumu aka ɗaga ni. Da aka gwada jinina aka ce bitamin B12 ne ya ƙare. Shi a nama, kifi, ƙwai da nono yake, zogale da alayyahu ba sa ba da shi komai yawan da kika ci. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa ba a ankara da wuri. Allurai na sha kafin ƙafar ta dawo. In za ki ci gaba, ki riƙe ƙwai da kindirmo kullum, ki je a gwada jininki.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah Ya ƙara lafiya Hajiya.

Yaya Nura: Zage-zagi da ma ai fate ya ishe ku, me ya haɗa ku da nama?

Anti Ladi: Bakano, ka tsaya kan gurasarka. Faten tsaki da rama da gyaɗa ya fi ƙarfinka.

Baban Sadiq: Ni gishiri nake ji miki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, mu kuwa miya ɗaya sai a zuba mata dunƙule 4. Ki rage shi, ki ƙara daddawa. Kuma kada ki bar shan maganinki.

Maman Twins: Awara da wake da alale su ne namanki. Ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini. Shayi kuma kada ki kora abinci da shi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin.

Malam Auwal: Barin nama don lafiya babu laifi. Abin da Suratul Ma'ida aya ta 87 ta hana shi ne mutum ya haramta wa kansa halal. Ki karɓi naman Hajiyarku da hannu biyu, ki ci tsoka ɗaya ko biyu marar kitse, saura ki rabar.

Yaya Nura: Sauran a turo Kwangila, ina tasha.

Anti Ladi: Maman Twins, waken suyan nan a ina kike saye? Na Tudun Wada da na samu duk tsakuwa ne.

Maman Twins: Kasuwar Samaru. Ki jiƙa shi tun dare, da ruwan tsami nake haɗawa.