Buɗar dawa da kafin gona: dokar daji ce aka lulluɓe da tsoro, ko tsafi ne tsagwaronsa?

Malamin Gona: Jama'a, ga wata magana ku auna min. A ganina abin da muke kira tsafin shekara na Maguzawa da Arna, irin su buɗar dawa da bikin shan kabewa da kafin gona, wato asirin da ake kafawa don tsare gona, mafi yawansa dokar kare daji ce da amfanin gona, sai aka yafa mata rigar iskoki don mutane su ji tsoro. Ku duba lokacin da ake yin kowanne. Ba a fita farautar gayya sai an buɗe daji, ba a kuma buɗe shi sai an kawar da amfanin gona rani ya shiga. Ke nan duk tsawon damina, lokacin da zabin daji ke kwanci, daji a kulle yake, babu mai cinna masa wuta hatsi na tsaye. Haka ruwa. A Argungu ana hana su, wato kamun kifi, a kogin Matan Fada har sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke ba da izini. Bikin da muka sani ya fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, amma gyaran ruwa da fashin ruwa na Kabawa sun girme shi nesa ba kusa ba. In ka cire yanka da surkulle, abin da ya rage shi ne abin da muke koya wa manoma yau da takarda da biro.

Malam Na Zaure: Malamin Gona, Allah ya ƙara basira, amma ka yi wa mutanen nan wankan da ba su nema ba. Ka ce "in ka cire yanka", alhali yankan shi ne abin. Tarihin Kano da aka rubuta ya faɗi yadda Barbushe ke saukowa daga Dala, mutane su taru da baƙin kare da baƙin bunsuru da baƙaƙen kaji a gindin bishiyar Tsumburbura, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. Ina kare daji a nan? Neman sanin gaibu ne da zubar da jini don wanin Allah. Aya ta 162 ta Suratul An'am ta haɗa salla da yanka wuri guda ta ce na Allah ne, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya ce Shi ke saukar da ruwa, babu rai da ya san abin da zai aikata gobe. Ko da abu ya zo da amfani a gefe, ba ya sauya hukuncinsa.

Malamin Gona: Allah gafarta Malam, ban ce halal ne ba. Tambayata ita ce me ya haifar da shi.

Jikar Bamaguje: Ku yi haƙuri in shigo, don mutanen da kuke magana a kansu ni a ɗakinsu na yi wayo. Kakata ta wajen uba Bamagujiya ce daga wani ƙauye a kudancin Katsina, ta musulunta da tsufanta. Malamin Gona, da ka gaya mata cewa Uwar Gona, iskar da suke yi wa yanka a gona, dabara ce ta tsofaffi, da ta kore ka da muciya. Su ba wasa suke yi ba. Kafin shuka maigida kan yi yanka a gona, kowane iska da launin dabbarsa, wani ja wani fari wani baƙi, ba a musanyawa. In sabon hatsi ya nuna ba mai kai shi baki sai an fitar da na masu abu. Na ga ƙullin da ake binnewa a kusurwar gona da idona: tsumma ne baƙi, an ɗaure da zaren saƙa, ciki akwai saiwoyi da kaucin wata bishiya da ɗan gashin dabba. Mai binnewa ba ya magana da kowa har ya dawo gida. Tsohon da ke yin wannan ba wayo yake yi wa yara ba, shi ya fi kowa jin tsoro.

Amma Malam, kai ma akwai inda ban bi ka ba. In an ce Maguzawa sai a tuna yanka da burkutu kawai. Matar nan ba ta taɓa cin kwabon wani ba, kuma rumbunta ba ya ƙarewa kafin sabo ya zo. Ta san ganyen da za ta shimfiɗa a ƙasan rumbu, ta san tokar da za ta cuɗa da wake. Da ta musulunta ta bar yanka, ba ta bar waɗannan ba, kuma babu malamin da ya ce ta bari.

Malam Na Zaure: Haka ne 'yar'uwa, Allah ya jiƙanta. Toka a wake sababi ne da ido ke gani. Ƙullin da aka binne fa, ta wace hanya yake hana ɓarawo?

Baba Maharbi: Ta hanyar ɓarawon ya san an binne.

Ɗan Konni: Baba ya gama magana a taƙaice! Mu nan abin bai zama tarihi ba tukuna. A Massalata, kusa da Birnin Konni, har yanzu Arna na taruwa shekara-shekara su yi arwa, su faɗi yadda damina za ta kasance, kuma cikin masu zuwa kallo Musulmi ba kaɗan ba ne. Can Arewa ta Dogon Dutsi kuma ga Lugu, garin Sarauniya wadda ta yi karo da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, ga dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara. Abin da na lura da shi, in bayanin arwa ya dace da shekara kowa sai ya riƙa tunawa, in ya saɓa sai a ce mutane ne suka karya sharaɗi. Da irin wannan lissafi ai ba mai faɗuwa. Saboda haka ban yarda sun san gobe ba. Amma na yarda tsofaffin nan sun iya kallon iska da tururuwa da tohon itace fiye da ni da na yi boko.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni ɓangaren tsirran ne ya dame ni, don mu ake kawo wa in ta ɓaci. Matsalar haɗa magani da asiri ita ce ba a tambayar awo. In an ce abu na iskoki ne, wa zai ce cokali nawa?

Ku ɗauki sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna. Ka kankare saiwarta ka shinshina, ƙamshin man zafi za ka ji, don sinadarin da ke cikin man shafawa na ciwon gaɓoɓi yana cikinta. Shi ya sa ƙwari ba sa son ta a hatsi, shi ya sa kuma mai ciwon jiki ke jin sauƙi. Wannan ba aljani ba ne. Amma saiwar nan in aka sha da yawa guba ce, mace mai ciki kuwa ko kusa. Tazargade da ake turarawa dangin tsiron da aka ciro maganin zazzaɓin cizon sauro ne daga cikinsa a ƙasar Sin, aikin da ya sa Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Wannan bai sa kowane ƙullin tazargade na kasuwa ya zama maganin maleriya ba, don can an tace ne an auna.

Sai zaƙami. Wanda ya sha shi zai ga abin da babu, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jiki ya yi zafi, ya riƙa kama iska da hannu yana magana da mutanen da ba kowa ke gani ba. An taɓa kawo mana samari daga wajen wani biki a haka, iyayensu na rantsuwa jifa aka yi musu, har an fara neman mai ruƙiyya. 'Ya'yan zaƙami aka zuba musu a kunun zaƙi. Don haka in ana maganar "ya ga iskoki da idonsa", ni sai na fara tambayar me ya sha.

Malamin Gona: To ai Hajiya kin ƙarfafa maganata. Ƙarƙashin kowane asiri akwai dalili.

Ma'aikaciyar Jinya: Ba kowanne ba, ƙanena. Kauci fa? Tsiro ne da ke tsotson bishiya, tsuntsaye ke manna irinsa a reshe. An ce kaucin wannan na farin jini ne, na waccan na kasuwa ne, na wata na mallaka. Nemo min dalilin kimiyya a nan in ji. Wani abin ilimi ne, wani kuwa ganin tsiro ya fito a sama ba ƙasa ba ne ya ba mutane mamaki suka ɗora masa labari.

Malam Na Zaure: Madalla. Kuma ina so in rushe ginshiƙin maganar Malamin Gona, wato cewa sai da tsoron iskoki doka ke tsayawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, babu yanka babu bori. Sarakunan Damagaram Musulmi ne, kuma sun sa hukunci mai tsanani kan sare gawo, don sun san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa tunda yana zubar da ganye da damina. Ku dubi kuma abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, suna barin tohon kututture a gona suna gyara shi, har ana ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5. Wane iska aka yanka wa?

Abin da nake tsoro shi ne garwaye, don mun taɓa ganin sa. A Kano har Alƙur'ani aka naɗe cikin fatu aka kira shi Dirki ana yi masa yankan shanu, sai zamanin Alwali aka fasa. Irin wannan ne Shehu Usmanu ya yi ta wa'azi a kai kafin 1804, Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato mata malamai masu yawon karantarwa, ƙauyuka don janye mata daga bori. Abin ba ya dawowa da sunan tsafi, da sunan al'ada yake dawowa.

Baba Maharbi: Malam, duk na ji, kuma ni ban yanka wa kowa komai ba tun da na yi hankali. Amma bari in faɗa muku abin da na gani. Muna yara akwai kurmi a yammacin garinmu, tsamiya da kanya da ɗinya, rana ba ta taɓa ƙasa. Ko busasshen reshe ba mai ɗauka, wai na Doguwa ne. Da wa'azi ya yi ƙarfi aka ce babu komai ciki, gaskiya ne kuma, babu. Shekara ba ta yi nisa ba masu gawayi suka shiga. Yau wurin ko akuya ba ta tsayawa. Wanda ya ce mana babu Doguwa bai ƙara da cewa sare itacen barna ce ba, ya tafi abinsa. An cire mai gadi na ƙarya, ba a kawo na gaskiya ba. Farauta kuma yanzu kowane wata ne, da babur da fitila, har zabuwa a kan ƙwai.

Malam Na Zaure: Wannan kam laifinmu ne masu wa'azi, Baba, ba na musu. Amma gyaransa a ƙara wa'azin, ba a mayar da Doguwa ba.

Jikar Bamaguje: Ba wanda ya ce a mayar. Ni abin da ke min ciwo, garin share yanka an share har da abin da ba ruwansa da iska. Kalankuwa fa? Bayan girbi samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan doka, a yi kokawa, 'yan mata su yi gaɗa. Yara su zauna da karan dawa da ɓawonsa su ƙera mota da tabarau da bindiga da ɗan doki, ana soka siraran ɓawon cikin totuwa ba ƙusa ba gam. A Damagaram wasan kara har suna ya yi. Ɗana yau bai san ana fere kara ba, motar roba yake jira daga kasuwa. Wane shirka ne a motar kara?

Malam Na Zaure: Babu. Abin da malamai suka ƙi a kalankuwa cakuɗuwar maza da mata ne har tsakar dare da abin da ke biyo baya, ke ma kin sani.

Jikar Bamaguje: Na sani. Sai a yi da rana, iyaye na zaune.

Malamin Gona: Ni dai har yanzu ina kan cewa lokutan nan ba a banza aka zaɓe su ba, ko masu yi sun sani ko ba su sani ba. Baba, tafkin garinku har yanzu ana su a cikinsa?

Baba Maharbi: Ana yi, da gidan sauro ma, wanda aka raba don yara. Ba ya barin ko ɗan tsako. Na yi wa dagaci magana ya ce in limamin Juma'a zai faɗa a huɗuba shi zai sa doka daga farkon damina zuwa bayan girbi. Malam, limamin ɗalibinku ne, sai ku taya mu yi masa magana.