Neman kalma: me za mu kira "rainforest" da Hausa? Gobe da safe zan shiga shiri

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shirin iyali a rediyo gobe Asabar da ƙarfe 10 na safe, kuma har yanzu akwai gurabe huɗu a takardata da ban cike ba. Shirin a kan yadda magidanci zai tsara hutun Disamba da yaransa a Gana ne: kwana biyu ko uku a gandun Mole don ganin giwaye, a gangaro Kumasi a kwana, a je gandun Kakum, sannan a ƙarasa Cape Coast da Elmina wajen teku. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kalmomin da suka tsaya mini su ne rainforest, canopy walkway, safari da beach. Ta farkon ta fi damuna, don sau tara ta fito. Na rubuta "dajin ruwan sama", da na karanta wa Hajiyarmu sai ta ce, "Ruwan sama kuma daji gare shi?" Nan na san ba ta shiga ba. Don Allah a taimaka kafin dare.

Direban Goro: Wa alaikumus salam Hajiya. Kurmi. Ba sai an wahala ba. Shekara ashirin ina ɗauko goro daga Shagamu, duk wanda ya ce miki zai tafi kurmi kin san inda ya nufa: ƙasar da itatuwa suka haɗe kai, rana ba ta sauka ƙasa, riga ba ta bushewa a jiki. Masu kai shanu ma haka suke cewa.

Malam Na Zazzau: Alhaji, da gyara. Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa, kuma wannan kalmar ta daɗe da ba ni aiki. Kurmi a ƙasar Hausa duhuwar itatuwa ce da ke bin rafi ko kwari a tsakiyar fili. Shi ya sa muke da Kurmin Mashi a Kaduna, shi ya sa ake cewa Kasuwar Kurmi ta Kano sunan duhuwar da ke wurin a bakin Jakara ta ci. Wannan kurmin ruwan rafi ne ke riƙe da shi. Wanda Hajiya take nema kuwa ruwan sama ne ke riƙe da shi, kuma yana iya cin ƙasa guda. Abu biyu ne, ilimi bai yarda a ba su suna ɗaya ba. Ni na daɗe da sa masa suna a ajina: dajin marka. Duk Bahaushe ya san marka, ya san yadda ruwa ke kwana yana zuba, bango ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa. Ki sa dajin marka.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi a baki. Amma marka ai lokaci ce, tana zuwa a watan Agusta ta wuce. In na ce wa uwa ta kai yaranta dajin marka a Disamba, za ta ɗauka ruwa zai yi ta dukansu, alhali lokacin rani ne a can ma.

Malam Na Zazzau: Raƙumin dawa ma ba raƙumi ba ne, jirgin ƙasa ba a ruwa yake tafiya ba. Suna yana zama ne in an yi ta faɗarsa. Ku 'yan rediyo ku ne masu zaunar da kalma, ki faɗe ta sau tara gobe ki ga.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Ni damuwata ba marka ba ce, daji ne. Malam, a wannan zamanin wace uwa ce daga Zamfara ko Katsina ko nan Madarunfa za ta ji an ce a kwashi yara a shiga daji, gabanta bai faɗi ba? Kalmar ta ɗauki wani nauyi yanzu. Ƙanwata, in kina son mutane su saurare ki har ƙarshe, ki rage ambaton daji.

Ɗan Zangon Kumasi: Salamu alaikum. Ni na je Kakum sau uku, na ƙarshe da iyalina. Mu nan kurmi muke cewa, kakanninmu da suka zo fataucin goro ta Salaga, a ƙasar Gwanja, haka suka kira shi, don goron a kurmin Asante yake fita, Gwanja kasuwa ce kawai. Daga Cape Coast zuwa Kakum kusan kilomita 30 ne. Kina sauka mota za ki ji iska ta yi nauyi, ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye, ga saiwar itace ta tashi kamar katanga har ta fi mutum tsawo. Amma Hajiya ki gaya wa mutane gaskiya, kada su sa ran ganin giwa a Kakum. Akwai su, sai dai kurmin ya ɓoye su. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi za a gani, wani lokaci birai in an yi sammako. Giwa a Mole take. Matana ya ce shi ba zai sake hawa gadar nan ta kan itatuwa ba, amma yara har yau suna maganarta.

Malam Na Zazzau: "Matana ya ce." To jama'a kun gani. Wanda bai raba namiji da mace a zance ba, shi ne zai yanke mana hukunci a kan kalmar ilimi? Ba raini ba ne, amma ba a kafa hujja da Hausar zango.

Ɗan Zangon Kumasi: Malam, na girmama ka, amma wannan maganar ta yi mini zafi. Kakana daga Kano ya taso da jakai. Mu muka riƙe Hausa a tsakiyar Asante, ba makaranta, ba gwamnati, ba jarida, har Dagomba da Mosi da Frafra suna ciniki da ita a kasuwa. Kai ka karanta kurmi a littafi, ni a cikinsa aka haife ni.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Haba Malam. Mu ma haka ake mana, in mun ce lakwal maimakon makaranta ko mun ce muna tahiya sai a yi dariya, kamar Hausa a Kano da Zariya kaɗai aka raba ta. Bawan Allah ya kawo abin da ya gani da idonsa, ka bar kurmin ka kama masa baki.

Auta Na Fagge: Gaskiya dai daidaitacciyar Hausa da ake rubutu da ita a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba a musu. Amma Baba Malam shi ma Bazazzagi ne, kuma kowa ya san a Zazzau ma akan ji "matana". Kowane kari da nasa.

Malam Na Zazzau: Yaro, a baki daban, a rubutu daban. Ni ban taɓa rubuta haka ba. Kuma abin da nake karewa ba Zariya ba ce. Ina jin ciwon yadda duk lokacin da aka zo maganar ilimi sai a ce wa Hausa ta yi maneji da tsohuwar kalma, kamar ba za ta iya haifar sabuwa ba. Larabci yana ƙirƙira, Sawahili yana ƙirƙira, mu kuwa sai a ce "ai an gane".

Direban Goro: Malam, wanda yake da riga a akwati ba ya zuwa wurin tela don kawai a ce ya yi ɗinki. Har ƙaramar hukuma guda akwai a Taraba mai suna Kurmi, ba kuma bakin rafi ɗaya ba ce.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi haƙuri. Maganar wace Hausa ta fi wata an rufe ta a nan. Baiwar Allah tana da shiri gobe, saura kalma uku ba a taɓa ba. Malam, ina roƙon ka janye maganar zango.

Malam Na Zazzau: Na janye lafazin, Allah ya ba shi haƙuri. Ban janye dajin marka ba.

Maman Ilham: Na gode. Yayana na Kumasi, kai da ka hau, kwatanta mini gadar sosai, wato canopy walkway ɗin. Na rubuta "gadar sama" da farko.

Auta Na Fagge: Anti kada ki sa gadar sama, duk Bakano zai hango ta Ƙofar Nasarawa da motoci a kai.

Ɗan Zangon Kumasi: Ba komai Malam, ya wuce. Hajiya, ba ta siminti ba ce. Katako ne siriri, faɗinsa bai fi a jera ƙafa biyu ba, an ɗaure shi da igiyoyi, raga ta tare dama da hagu har wajen ƙirji. Guda bakwai ne a jere, daga wannan itace zuwa wancan, kowace ta ƙare sai ki samu ɗan dandamali a jikin itacen ki huta. Duka tsawon kusan mita 350, tashinta daga ƙasa a wani wurin ya kai mita 40. A 1995 aka buɗe ta. Kina taka ta tana lilo, in na bayanki ya taka sai ki ji ta a cikinki. In kin leƙa ƙasa ba ƙasa za ki gani ba, kan itatuwa za ki gani. Ƙaramar ɗiyata ta riƙe rigata da hannu biyu tun daga ta farko har ta bakwai, tana karanta duk addu'ar da ta iya.

Auta Na Fagge: Wannan ai siraɗi ne.

Hajiya 'Yar Maraɗi: A'a ɗana, kada a kai wannan sunan wurin shaƙatawa.

Malam Na Zazzau: Kadarko. Kalma ce tamu tun kafin gada ta kankare, itace ne a gitta a haye. Kadarkon igiya.

Direban Goro: A nan kam na bi Malam. Sai dai yaran yanzu kadarko sunan gari kawai suka san shi. Gadar lilo ta fi saurin shiga kunne.

Maman Ilham: Zan ce gadar lilo, in bi ta da bayanin cewa kadarkon igiya ne da aka ɗaura a ƙoƙuwar itatuwa. Beach fa? Na sa bakin teku.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Ya isa. In ana maganar inda yara za su yi wasa, ki ce rairayin bakin teku.

Ɗan Zangon Kumasi: Daidai. Amma ki ja kunnen iyaye, tekun wajen Cape Coast da Elmina yana da ja, igiyar ruwa tana janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. Yaron da ya saba wanka a kududdufi ko dam kada a sake shi. Kuma a ware rabin yini a shiga gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, a ga ɗakunan da aka tsare bayi. Yara masu wayo ya kamata su gani.

Auta Na Fagge: Safari kuma a bar ta safari mana. Ai ba ta Bature ba ce, daga Sawahili ta fito, su kuma daga Larabci.

Malam Na Zazzau: Tushenta ɗaya da safararmu.

Maman Ilham: Shi ne matsalar, Malam. Kullum a labarai muna cewa safarar mutane, safarar makamai, safarar ƙwayoyi. In na ce safari da yara, kunne zai karkata can.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Mu in za a je Kure, kusa da Yamai, ganin raƙuman dawa, cewa muke za mu kallon namun dawa. Ba mu taɓa neman wata kalma ba.

Ɗan Zangon Kumasi: A Mole iri biyu ne. Akwai na mota, akwai na ƙafa da sassafe, ma'aikacin gandu yana gaba da bindiga kuna binsa. Da rani giwaye na saukowa tafki shan ruwa, daga kan tudun masauki ma ana hango su, ga mariya da gwanki, birai kuwa har abinci suke wafcewa a hannu. Masallacin Larabanga yana kan hanyar shiga, a tsaya a gani. In an ce kallo kawai, ba a nuna ana zagawa ba.

Direban Goro: Zagayen namun daji.

Malam Na Zazzau: Kamar namun ne ke zagayen. Rangadi ya fi.

Auta Na Fagge: Rangadi na sarki ne da gwamna, Baba.

Maman Ilham: Ƙarfe 11 ta wuce, dole in rufe takarda. Ga abin da zan shiga da shi. Rainforest: kurmi, karon farko in ce "kurmi, wato ƙasar manyan itatuwa da yawan ruwan sama ke raya su, ba sa kaɗe ganye ko da rani", daga nan kurmi kawai. Canopy walkway: gadar lilo. Beach: bakin teku. Safari ba mu daidaita ba, zan ce fita kallon namun dawa, a ƙafa ko a mota. Na ɗauki dawa ta Hajiya don in kauce wa daji. Malam, zan faɗa a shirin cewa wani malamin labarin ƙasa ya kawo dajin marka, in nemi masu sauraro su bugo su faɗi ra'ayinsu.

Malam Na Zazzau: Ban gamsu ba, don ɗalibin da ya ji ki gobe zai zo aji ya haɗa kurmin rafi da na Kakum, ni zan sha aikin raba su. Amma bayanin da kika bi ta da shi daidai ne, kada ki yanke shi don ƙurewar lokaci. Ki faɗi dajin marka a hankali, kada ta wuce kamar tari.

Ɗan Zangon Kumasi: Hajiya, ki ƙara musu cewa kowa ya taho da katin rigakafin shawara, yara da manya, ana tambayarsa a wurin shiga ƙasa. Ga gidan sauro da takalmi mai rufi saboda Kakum, silifas ba ya hawa tudun nan.

Maman Ilham: Na rubuta, Yaya. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai na fito daga shiri in kawo muku abin da masu bugowa suka ce.