Bangon littattafan da nake ɗinkawa yana lanƙwashewa, kyankyasai kuma sun same su

Maman Hanifa, Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san aikin ɗaurin littafi.

Shekarata huɗu ina aiki a wani shagon buga takardu da fotokwafi a Samaru. Duk wanda ya san garin nan lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet zai gane abin da nake faɗa. Malami ya ja jan biro a shafi biyu, ɗalibi ya dawo a sake buga masa babi guda cur, tsohon kuma ya bar mana shi a kan tebur ya yi gaba. Kafin wata ya mutu buhu ya cika. Takarda ce fara sol, mai kauri, fuska ɗaya kawai aka taɓa. Mai ƙosai takan ɗebi kaɗan, mai tsire ma haka, sauran wuta ce makomarsu. Abin ya daɗe yana ci mini rai, amma ban motsa ba sai ranar da na ga 'yata tana rubuta aikin gida a gefen tsohon littafinta, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa, don kada ta ce in saya mata sabo. Washegari na roƙi maigidan shagon ya bar mini buhun, ya ce in ɗauka har da godiya.

Ga yadda nake yi. Ina ninka takardar gida biyu, in jera goma sha biyar ɗaya cikin ɗaya, in ɗinke tsakiya da zaren keken ɗinki. Bango kwalin taliya ne, in lulluɓe shi da ƙyallen atamfa da maƙwabciyata tela take tara mini, in manne da sitacin rogo da na dama. Ranar da na gama na farko, mai shuɗiyar atamfa, Hanifa da shi ta kwana a ƙarƙashin matashinta. Zuwa yanzu na yi guda 14, na raba wa yaran unguwarmu.

To amma ga damuwata. Bangon, da ya bushe, sai ya ɗaga baki kamar busasshen ganye, ba ya kwanciya ko na ɗora masa turmi. Guda uku da na ajiye a kan durowa kyankyasai sun bi gefen sun cinye atamfar daidai inda sitacin yake. Zaren yana yanka takarda, shafukan tsakiya suna zarewa. Sannan rabin shafukan na rubutun wani ne, yaro yana cikin lissafinsa sai ya buɗe ya tarar da babin wani ɗalibi a kan noman dawa. Ba na son in daina. Don Allah wa zai nuna mini inda nake kuskure?

Baba Mai Ɗauri, Tudun Wada

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka. Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Na yi shekara talatin da 'yan kai a ɗakin ɗaurin littafi na wata maɗaba'a a garin nan. Zariya garin takarda ce, tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, hannun mutanenmu bai rabu da tawada da zare ba. Saboda haka na ji daɗi da na ji wata ta ɗauko aikin da kanta.

Bari in fara da na ƙarshe, don shi ne babba, kuma maganinsa zai kashe miki na zare. Ninkinki ne a juye. Ki ninka kowace takarda ita kaɗai, rubutun ya koma ciki, farar fuska ta kasance waje gaba da baya. Kada ki sa ɗaya cikin ɗaya, ki ɗora su bisa juna kamar yadda ake jera sababbin kuɗi. Bakin da ya ninku shi ne zai kalli waje, inda yatsa yake buɗe shafi. Bakin da yake a buɗe shi za ki ɗinke. Kin ga rubutun ɗalibi ya shiga aljihu ke nan, babu mai ƙara ganinsa, kowane shafi fari ne, ga kauri biyu, biro ba ya huda shi. Mutanen Sin da Japan haka suka daɗe suna ɗaure littattafansu. Takarda ashirin ta ba ki shafi arba'in, ya ishi yaro.

Ɗinkin kuwa ta gefe ake yinsa. Ki daidaita takardun, ki matse su da abin shanya biyu ko uku, ki ja layi kamar faɗin yatsa ɗaya daga baki, ki huda rami huɗu da ƙusa da guduma a kan katako. Zaren keke ki bar wa keke, siririnsa ne yake yanka takarda kamar reza. Ki nemi mai kauri irin na masu gyaran takalmi, ko na saƙar hula ki riɓa shi, ki goga masa kakin zuma, in babu ko kyandir ya yi. Ki sa a basilla, ki shiga kowane rami ki zagayo ta ƙeyar littafin, a ramin farko da na ƙarshe kuma ki zagayo ta sama da ta ƙasa. Ƙulli ɗaya tak, ki tura shi cikin rami ya ɓuya.

Yanzu bango. Duk takarda ko ƙyallen da aka shafa wa abu mai ruwa yakan miƙe, in ya bushe ya tsuke, ya jawo kwalin zuwa wajensa. Ke kin ja ta waje da atamfa, ba ki ja ta ciki da komai ba, dole ya ɗaga baki. Ki manna takarda a fuskar ciki ita ma, su yi ja-in-ja a tashi canjaras. Kwalin taliya kuma ki rabu da shi, cikinsa iska ce, da ya sha ruwa ya mutu. Ki nemi kwalin takalmi ko bayan tsohuwar kalanda, ko ki haɗa na ganyen shayi biyu. Sannan kwali yana da jijiya kamar rake. Ki ɗan tanƙwara shi ta nan, ki tanƙwara ta can, za ki ji wani ɓangaren ya fi bin hannu. Layin da ya fi saurin lanƙwasuwa shi ne zai bi tsayin littafin, daga sama zuwa ƙasa. In kika gicciya shi, ko buhun siminti kika ɗora ba zai kwanta ba.

Kada ki manta, irin wannan ɗinkin bangon gaba yana son gaɓa. Ki yanke kwalin gida biyu, siriri inda ramukan suke da babban, ki bar 'yar tazara tsakaninsu, atamfar ita za ta zama gwiwar da zai riƙa buɗewa a kai. Ki sa leda tsakanin bango da takardun kada danshi ya shiga, ki danne da nauyi kwana guda da hunturu, kwana biyu ko uku da damina. Kada ki shanya a rana don sauri.

Sitaci abinci ne, 'yata. Abin da kike ci kyankyaso ma yana ci, gara ma haka. Mu a da mukan dama shi tsararo, na yini ɗaya kawai, mu jefa ɗan kanumfari don kada ya yi saurin tsami da fumfuna. Ke ki sayi farin gam na kafintoci, ki ɗan tsinka shi da ruwa, ki shafa a jikin kwalin, ba a jikin atamfar ba, shafe kaɗan don kada ya ɓullo. Inda kike ajiya ki zuba busasshen ganyen dogon yaro.

Ɗan Dukawa, cikin Birni

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni baduku ne, abu ɗaya zan ƙara. Yaya, inda littafi yake fara mutuwa kusurwoyi ne da ƙeya, musamman a jakar ɗan makaranta. Guntayen fatar da muke zubarwa bayan mun yanka takalmi ko gafaka sun isa su rufe miki waɗannan wuraren. Ki nemi ta akuya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Kada ki raina ta, irinta ce aka riƙa kaiwa Turai ta hamada, can suna kiranta fatar Maroko, suna ɗaure manyan littattafansu da ita. Sai dai ki sa a feƙe miki bakinta da aska ya yi siriri kafin ki naɗe, in ba haka ba kusurwar za ta yi tudu.

Kuma akwai hanyar kakanninmu wadda ba ta son ɗinki sam. Alƙur'anin hannu warƙa-warƙa yake, a sa shi tsakanin kwali biyu, a naɗe da tadarishi, wato murfin fata, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, ko sun watse a gane jerinsu. Ga yaro ba zai yi ba, zai zubar. Amma babba mai rubuta bashi ko tunanin zuciyarsa, wannan ya fi masa, in takarda ta ƙare ya ƙara wata.

Malama Ummu Sadik

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ina roƙonki ki riƙa tantance buhun nan kafin ki ninka. Furojet da yawa akwai Bisimilla a farkonsa, na sashen Larabci da addini kuwa ayoyi ne da hadisai a ciki. Littafin yaro yana faɗuwa ƙasa, a taka, wani har bayi yake shiga da jakarsa. Ki ware waɗannan gefe guda. Haka duk takardar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa, hoton mutum, lambar waya ko bayanin asibiti, amanar masu ita ce, ko an ninke ta ciki yaro mai ƙiriniya zai farke ya gani.

Ɗalibin zane

Anti, ni ɗalibi ne a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Takardun da aka buga gaba da baya ma ba asara ba ne, ana mayar da su sabuwar takarda. Ki yayyaga ƙanana, ki jiƙa su kwana, ki kirɓa a tsohon turmi har su zama kamar ƙullu. Ki zuba a baho da ruwa mai yawa, kamar kunu tsararo. Ki ɗaura yankin gidan sauro a jikin firam na katako ya yi tsantsan, ki nutsa, ki ɗago a kwance a hankali, ruwan ya tsiyaye, ki kife a kan tsohon zani, ki danna da soso. Za ta fito toka-toka da ɗigon baƙi, saboda tawadar injin fotokwafi garin roba ce da zafi ya narkar a kan takarda, ruwa ba ya wanke ta. Shi ya sa ma kada ki sa dutsen guga a fuskar da aka buga, za ta narke ta manne. Ni nakan watsa ɓawon albasa ko furen zoɓo a cikin bahon, kyan da yake bayarwa sai kin gani. Amma tana shan tawada kamar tsumma in ba a sa mata sitaci ba.

Baba Mai Ɗauri, Tudun Wada

Yaro, aikinka yana da kyau, amma ka ce sitaci, ita kuwa da kyankyasai take faɗa. 'Yata, irin tasa ki yi ta don fuskar cikin bango da shafin farko, inda ba a rubutu. Na rubutun yara ki tsaya a kan wadda injin ya riga ya gyara.

Maman Hanifa, Samaru

Na dawo da godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na farko na manta gaɓar bango, ya ƙi buɗuwa, sai da na kwance. Na biyu ƙusar ta karkace, ramin baya ya sauka kusa da baki, na gane gara in huda goma-goma maimakon ashirin a tashi ɗaya. Na uku shi ne ya fito. Yau kwanansa tara a kan tebur ba tare da na ɗora masa komai ba, yana kwance lafiya lau, ga shi ana ruwa kusan kullum.

Malama, na zazzage buhun a tabarma ranar Lahadi, ni da Hanifa muka tantance. Abin da muka ware ya kusa cika leda, har da takardar asibitin wata baiwar Allah da hotonta. Jikina ya yi sanyi, domin guda 14 na farko ban duba ba. Na bi gida-gida na karɓo goma sha ɗaya da ke hannun yara, zan kwance su duka in sake.

Ɗan'uwa baduku, maigidana zai shigo cikin Birni ranar Asabar ta Ƙofar Doka, zan aiko shi da leda. Jar fata nake so in akwai. Baba, saura tambaya ɗaya: wata malamar Islamiyya ta ce in yi wa 'yan ajinta talatin, amma masu layi take so. Da rula da fensir zan bi shafi arba'in sau talatin, ko akwai dabarar da kuke yi?